Dokar laifukan intanet: me sashe na 24 ya hana, me ya daina hanawa?

Ba baƙon labari ba ne yanzu a Najeriya a ji an ɗauke wani matashi saboda abin da ya rubuta a Facebook ko ya faɗa a TikTok. Idan 'yan uwa suka je ofishin 'yan sanda neman ba'asi, amsar da suka fi samu ita ce ya saɓa wa dokar laifukan intanet. Daga nan sai gwiwa ta yi sanyi, a shiga neman wanda zai je ya ba mai ƙorafi haƙuri. Kaɗan ne ke tsayawa su tambayi wane sashe aka saɓa wa, kuma me sashen ya ce. Alhali tun watan Fabrairun 2024 an sauya kalmomin sashen da aka fi kama mutane da shi, kuma sauyin ba ƙarami ba ne.

Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa wa dokar hannu a watan Mayun 2015, ana saura kwanaki ya bar mulki. Wanda ya karanta ta daga farko zai ga asalin abin da ya dami waɗanda suka rubuta ta shi ne tsaron ƙasa da tsaron dukiya: masu kutse cikin kwamfutocin gwamnati da na bankuna, 'yan damfara, masu satar bayanan katin ATM, da 'yan ta'adda masu amfani da intanet. Shi ya sa aka ɗora ragamar haɗa kan hukumomi a wuyan ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, wanda Nuhu Ribadu ya karɓa a 2023. Shari'ar laifukan da ke cikinta kuwa aikin Babbar Kotun Tarayya ne. Amma duk cikin sassanta sama da hamsin, ɗaya ne ya yi suna, shi ne sashe na 24.

A yadda aka rubuta shi a 2015, ɓangaren farko na sashen ya ce laifi ne mutum ya aika saƙo ta kwamfuta ko ta intanet wanda yake na cin fuska matuƙa, ko na batsa, ko na rashin ɗa'a, ko mai razanarwa. Ya ƙara da cewa laifi ne ya aika abin da ya san ƙarya ne da nufin ya ɓata wa wani rai, ko ya takura masa, ko ya zage shi, ko ya jawo gaba da ƙiyayya, ko ya jefa shi cikin damuwar da ba ta da dalili. Hukuncin ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko a haɗa wa mutum duka biyun.

A duba waɗannan kalmomi da kyau. Wane rahoton jarida ne a kan almundahana ba zai ɓata wa wanda ya yi ta rai ba? Wane ƙorafi ne a kan asibitin da babu magani ba zai takura wa kwamishina ba? Gaskiya ne dokar ta gindaya sharaɗin sai mutum ya san ƙarya ce, amma a kotu ake tantance wannan, kamu kuwa tun kafin a je kotu ake yin sa. Duk mai faɗa a ji da aka taɓa, takardar ƙorafi kawai zai rubuta. Haka aka kama wata mata a Legas a watan Satumbar 2023 bayan ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani da ta saya zaƙinsa ya yi yawa, maganar ta yi tsawo har ta kai gaban kotu a Abuja.

Lauyoyi sun ƙalubalanci sashen a cikin gida ba su yi nasara ba, domin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce bai ci karo da kundin tsarin mulki ba. Sai aka nufi Kotun ECOWAS da ke Abuja. A 2020 ta yanke hukuncin cewa sashen ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, ta umarci Najeriya ta gyara shi ko ta soke shi. A 2022 ta sake faɗin haka a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar. Gwamnati ba ta motsa ba sai a 2024, lokacin da majalisa ta yi wa dokar kwaskwarima, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a ƙarshen Fabrairu.

Yanzu abu biyu suka rage a wancan ɓangare. Na ɗaya, aika batsa. Na biyu, aika abin da mutum ya san ƙarya ne da nufin haddasa rushewar doka da oda, ko jefa rayuwar wani cikin haɗari. An share zagi, an share ɓacin rai, an share takurawa da damuwa. Ke nan wanda ya ce gwamna ya gaza, ko ya kira ɗan majalisarsa maƙaryaci, ko ya yi bidiyon titin unguwarsu da ruwa ya cinye, bai faɗa cikin wannan ɓangare ba, ko da kuwa maganar ta yi zafi. Kafin a same shi da laifi sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da abu uku a jere: maganar ƙarya ce, shi mai aikawa ya san ƙarya ce, kuma ya aika ta ne domin ya tayar da fitina ko ya sa ran wani a haɗari. Idan ɗaya ya faɗi, tuhumar ta faɗi.

Wanda ya kamata ya yi hattara a nan shi ne mai tura saƙo gaba. Dokar ba ta ce sai wanda ya ƙirƙiri saƙon ba, ta ce wanda ya aika ko ya sa aka aika. A ce rikici ya tashi a wani gari, sai ga hoton gawarwaki yana yawo a WhatsApp ana cewa 'yan ƙabila kaza ne suka kashe 'yan ƙabila kaza da safiyar nan. Wani a cikin zauren ya nuna cewa hoton na wani haɗarin mota ne da aka yi shekarun baya a wata ƙasa, har ya kawo shaida. Duk wanda ya ga wannan kuma ya ci gaba da turawa yana rubuta "a yaɗa, a ɗauki mataki", to ya cika sharuɗɗan nan uku da hannunsa. Rubuta "kamar yadda na samu" a saman saƙo ba ya wanke kowa. A ganina wannan shi ne aikin da ya dace sashen ya yi tun farko, domin mun sha ganin yadda jita-jita ke zama gobara a garuruwanmu kafin jami'an tsaro su iso.

Sai dai fa gyaran takarda bai gyara hali ba. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan sa hannu, a ranar 1 ga Mayun 2024, 'yan sanda suka kama Daniel Ojukwu, ɗan jarida a cibiyar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ, a Legas, suka wuce da shi Abuja bisa zargin saɓa wa wannan doka, saboda rahoton da ya yi kan yadda aka kashe kuɗin wata kwangilar gwamnati. Sai ranar 10 ga watan aka sake shi, bayan 'yan jarida da ƙungiyoyi sun yi zanga-zanga. "Rushewar doka da oda" ma magana ce mai faɗi, kuma wanda ke riƙe da ankwa shi ke fara fassara ta.

Kada kuma wani ya ɗauka an buɗe ƙofar zagi. Ɓata suna laifi ne a ƙarƙashin sashe na 391 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa da Abuja, kuma da shi aka gurfanar da ɗalibin nan na Jami'ar Tarayya ta Dutse a ƙarshen 2022 kan abin da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, kafin a janye ƙarar. A jihohin da ke da kotunan shari'ar Musulunci akwai hukuncin ƙazafi. Wanda aka ɓata wa suna yana kuma iya neman diyya a kotu. Sannan sashe na 26 na ita wannan dokar ta intanet yana nan daram, ya haramta zagi ko barazana ga mutane a bainar jama'a saboda launin fatarsu ko ƙabilarsu ko addininsu, da ɗaurin da zai iya kai shekara 5.

Maƙwabtanmu na Nijar a shekarar 2024 suka bi akasin hanyarmu. A 2022 an cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet daga dokarsu ta 2019, sai gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta dawo da shi a watan Yunin 2024. Mai rubutu daga Maraɗi da mai rubutu daga Katsina suna iya haɗuwa a zaure ɗaya, amma dokar da ke kansu ba ɗaya ba ce.

Akwai rabin sashe na 24 da ba a cika magana a kansa ba, kuma shi ne ya fi amfanar talaka. Ɓangarensa na biyu ya shafi barazana. Wanda ya aika saƙon da ya sa wani fargabar za a kashe shi ko a ji masa rauni, ko ya yi barazanar sace mutum, ko ya nemi kuɗin fansa ta waya, yana fuskantar ɗaurin shekara 10 ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 25 ba, ko duka biyun. Wanda kuma ya yi barazanar zubar wa wani mutunci domin ya tatsi kuɗi a wurinsa, shekara 5 ce ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 15 ba, ko duka biyun. Wannan ya haɗa da saurayin da aka rabu da shi ya ce wa yarinya ko ta turo kuɗi ko ya saki hotunanta. 'Yan mata da yawa suna biya a ɓoye saboda kunya, su sayar da waya ko ɗan kunne, shi kuwa ya dawo bayan sati biyu. Doka tana gefen irin wannan yarinya. Abin da take buƙata shi ne kada ta goge saƙonnin, ta ɗauki hotonsu da lambar da aka turo su da ranar, ta adana shaidar duk kuɗin da ta tura, sannan ta sami babban da ta yarda da shi su kai ƙara.

Haka batun masu kiran waya. Kowa ya san muryar: "Ranka ya daɗe, daga banki ne, an rufe BVN ɗinka, karanto mana lambar da ta shigo yanzu." Sashe na 32 ya tanadi shekara 3 ko tarar naira miliyan 1 ga mai yaudarar mutane su ba da bayanan sirrinsu. Sashe na 22 ya kama wanda ya yi shigar burtu da sunan wani, kamar mai ƙwace WhatsApp ɗin dattijo ya bi abokansa yana roƙon rance. Gyaran 2024 ya faɗaɗa wannan sashe ya haɗa da ma'aikacin kowace ma'aikata ko kamfani da ya yi amfani da bayanan da aikinsa ya ba shi ya cuci mutane, a da ma'aikatan harkar kuɗi kawai aka ambata. Ana kai irin wannan ƙara cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda ko EFCC, amma banki ake fara sanar wa, cikin gaggawa, tun kuɗin ba su bar asusun da aka tura su ba.

Wanda aka kama kuwa, dokar intanet ba ta shafe haƙƙinsa na kundin tsarin mulki ba. Sashe na 35 na kundin ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya, ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Tsarewar da ta wuce haka sai da umarnin kotu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama ɗan uwa a madadin wanda ake nema. Sauraron wayar mutum ko karanta saƙonninsa ma, sashe na 39 na dokar intanet ya ce alƙali ne ke ba da umarni. Amma a sani, sashe na 38 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa su adana bayanan mai layi da na zirga-zirgar sadarwarsa har shekara 2, su kuma miƙa wa jami'an tsaro idan an nema. Tunda an haɗa layuka da NIN, shafin da aka buɗe da sunan bogi ba ya ɓoye mutum yadda yake zato.

Ɓangaren tsaron ƙasa zalla ba ya buƙatar dogon bayani. Ta'addanci ta intanet ɗaurin rai da rai ne. Shugaban ƙasa yana da ikon ayyana wasu na'urori da hanyoyin sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa, kuma a Yunin 2024 an fitar da umarnin da ya sa kayan kamfanonin sadarwa cikin jerin. Laifin da aka aikata a kansu da gangan yana iya kai mutum shekara 10 babu zaɓin tara. Bankuna da kamfanonin da aka yi wa kutse kuma dole su kai rahoto cikin awa 72, maimakon kwana 7 na da.

Sai harajin nan da ya tayar da ƙura. Sashe na 44 ya kafa asusun tsaron intanet na ƙasa, gyaran 2024 kuma ya fayyace cewa za a riƙa zuba masa kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin da aka yi hada-hadarsu ta na'ura. Dokar ta lissafa waɗanda abin ya shafa: kamfanonin waya da na intanet, bankuna, kamfanonin inshora da kasuwar hannun jari. Amma da Babban Bankin Najeriya ya fitar da sanarwarsa a ranar 6 ga Mayun 2024, sai ya zamana daga asusun mai tura kuɗi za a cire, wato naira 500 a kan kowace naira 100,000, ban da cajin da banki ya saba yanka. Ƙungiyoyin ƙwadago da Majalisar Wakilai suka yi ca, gwamnati ta dakatar da shirin, bankin ya janye sanarwar tun watan bai ƙare ba. Dakatarwar ba ta taɓa rubutun dokar ba, domin cire sashe ko rage adadin da ke cikinsa aiki ne na Majalisar Tarayya.