Kallon gasar zamiyar ƙanƙara: talabijin da intanet

Zamiyar ƙanƙara ta salo wasa ne da ake yi a kan daskararren fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30, ɗan wasa na sanye da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa, yana tsalle da juyi da taku bisa kiɗa, alƙalai na ba shi maki. Hanyoyi biyu ake bi a kalli gasarsa daga nesa: tashar talabijin, ko ta eriya ko ta dish, da kuma yaɗawa ta intanet zuwa waya ko kwamfuta. A Kaduna, inda ƙanƙarar da aka fi sani ita ce ta masu sayar da ruwan sanyi da wadda kan faɗo da ruwan farkon damina, ta allo kaɗai ake sanin wasan. Talabijin kan kawo shi jefi-jefi, galibi lokacin Olamfik na hunturu. Intanet kuwa na kawo kusan dukan kakar wasa ga wanda ke da data da caji.

Suna

Sunan wasan bai zaunu ba a Hausa. Akan ji "wasan ƙanƙara salo-salo", akan ji "rawar kan ƙanƙara", ko da yake rawar reshe ɗaya ce cikin huɗu: maza, mata, 'yan bibbiyu, sai rawa.

Hukuma da kakar wasa

Hukumar ISU ce ke kula da wasan a duniya. An kafa ta a 1892 a ƙasar Holan, hedikwatarta na Lausanne ta Suwizalan, kuma ita ke sayar wa tashoshi haƙƙin nuna gasanninta ƙasa-ƙasa. Haƙƙin Olamfik daban yake, yana hannun kwamitin Olamfik na duniya. Kaka na farawa da gasar matasa wajen ƙarshen Agusta, sai jerin Grand Prix guda 6 daga Oktoba zuwa Nuwamba, a yi na ƙarshe a Disamba. Gasar Turai da ta Nahiyoyi Huɗu, wadda aka soma a 1999 kuma Afirka ke cikinta, kan biyo baya a farkon shekara, a rufe da gasar duniya a Maris.

Yadda talabijin ta sauya wasan

Wasan ya girmi talabijin nesa ba kusa ba. An yi gasar duniya ta farko a 1896 a St. Petersburg, ya kuma shiga Olamfik a Landan a 1908, shekara 16 kafin a fara Olamfik na hunturu a Chamonix. A wancan zamanin mafi yawan maki na fitowa ne daga zanen dole. Ɗan wasa zai zana da'ira biyu ko uku a kan ƙanƙara da ƙafa ɗaya, ya sake bin sawunsa daidai, sannan alƙalai su fito su duƙa suna duba layin kamar masu neman allurar da ta faɗi. Babu kiɗa, babu tafi, akan kuma kwashe sa'o'i ana yi.

Da kyamara ta iso sai ta ga babu abin nunawa a nan. Olamfik na Cortina a 1956 shi ne na hunturu na farko da aka nuna kai tsaye a talabijin; a 1960 tashar CBS ta Amurka ta biya dala 50,000 don nuna na Squaw Valley; a 1968 aka ga Peggy Fleming ta ci zinare a Grenoble cikin hoto mai launi. Duk abin da 'yan kallo ke gani a gida shi ne wasan kiɗa na ƙarshe, alhali tun kafin a kunna kyamara an riga an raba rabin maki ko fiye. Abin ya fito fili a Olamfik na Sapporo a 1972. Janet Lynn ta Amurka ce ta zo ta ɗaya a wasan kiɗa, ita duniya ta gani ta kuma so, amma tagulla ta samu. Zinaren ya tafi ga Beatrix Schuba ta Ostiriya, gwanar zane da ba ta da na biyu, wadda ta zo ta bakwai a wasan kiɗan. Mai kallo a gida ya rasa gane lissafin. A kakar 1973 aka shigo da gajeren wasa don rage nauyin zanen, aka ci gaba da zaftare shi har aka yi na ƙarshe a gasar duniya ta 1990 a Halifax. Masu tarihin wasan kan lissafa talabijin cikin manyan dalilan, tare da tsadar lokacin atisaye da zanen ke ci. Ke nan wasan ya yar da zanen da ya samo sunansa na Turanci, "figure skating", daga gare shi, don ya dace da allo.

Shekaru ashirin da 'yan kai da suka biyo bayan Sapporo su ne ganiyar talabijin. A 1984 kimanin mutum miliyan 24 a Birtaniya suka kalli Jayne Torvill da Christopher Dean a Olamfik na Sarajevo, ranar da alƙalai tara duka suka ba su 6.0, makin ƙoli a lokacin, a ɓangaren kyan salo. Wurin da ɗan wasa ke zama da kocinsa yana jiran maki, ana haska fuskarsa ko ya yi kuka ko ya yi murna, a wannan zamanin ya zama ɓangaren shiri. Ana danganta laƙabinsa na Turanci, "kiss and cry", da gasar duniya ta 1983 a Helsinki. Ƙololuwar ita ce 1994. Bayan harin da aka kai wa Nancy Kerrigan a Detroit a watan Janairu, wanda aka gano tsohon mijin abokiyar hamayyarta Tonya Harding na da hannu a ciki, gajeren wasan mata na Olamfik ɗin Lillehammer ya ja kusan rabin gidajen Amurka masu talabijin, duk da cewa naɗaɗɗe aka nuna musu sa'o'i bayan an gama. Oksana Baiul ta Yukren ce ta ci zinaren.

Rikicin alƙalanci na Salt Lake City a 2002, wanda ya sa aka ba 'yan bibbiyun Rasha da na Kanada zinare kowanne, ya kawo ƙarshen tsarin 6.0. Sabon tsarin da aka amince da shi a 2004 na ba kowane tsalle da juyi farashinsa, kuma alƙalan fasaha na maimaita bidiyo a hankali kafin su yanke. Daga baya aka ƙara ɗan akwatin maki a kusurwar allo, yana hawa yayin da ɗan wasa ke kan ƙanƙara.

Talabijin a Kaduna

Kaduna na cikin garuruwan farko da suka sami talabijin a Najeriya. Bayan ta Ibadan a 1959, gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe tata a Kaduna a 1962, wadda ta koma ƙarƙashin NTA da aka haɗe tashoshin ƙasar a 1977. Tashoshi masu zaman kansu irin su DITV sun biyo baya a shekarun 1990, aka kuma ƙaddamar da tsarin dijital a jihar a ƙarshen 2017. Wasannin da tashoshin gida suka saba nunawa su ne ƙwallon ƙafa, dambe da kokawa. Zamiyar ƙanƙara sai dai ta gifta cikin labaran ƙetare.

Ta dish ne ake samun cikakken shiri. DStv ta fara a 1995, StarTimes ta shigo Najeriya a 2010, GOtv a 2011. SuperSport ta daɗe tana nuna Olamfik ga masu biyan kuɗin wata a ƙasashen kudu da Sahara, to amma tashar da za a sa wasan a kai na iya kasancewa cikin kunshi mai tsada. Hankalin 'yan Najeriya ya ɗan karkata ga wasannin hunturu a 2018, lokacin da ƙasar ta fara halarta a Pyeongchang da Seun Adigun da abokan tafiyarta a tseren amalanken ƙanƙara, da kuma Simidele Adeagbo. Ba a zamiyar salo suka fafata ba.

Wani abu guda na taimakon mai dish: mafi yawan kakar wasan ya faɗo cikin rani da hunturu, lokacin da babu hadarin da ke ɗauke sigina. Gidajen kallo na Tudun Wada, Rigasa ko Kawo kuwa ba sa cikin lissafi. Asabar da Lahadi na gasar Firimiya ne, kuma mai gidan kallo ba zai tada janareta ya juya allonsa ga abin da ba zai cika benci ba.

Kallo ta intanet

Tun wajen 2011 ISU ke nuna gasar Grand Prix ta matasa kyauta a YouTube. Daga baya, wajen ƙarshen shekarun 2010, ta fara nuna manyan gasanninta a can ma, amma ga ƙasashen da babu tashar da ta sayi haƙƙi. Wannan ƙa'idar kan juya al'amari: mai kallo a Amurka sai ya biya Peacock na kamfanin NBC, na Japan ya jira Fuji TV ko TV Asahi, na Turai ya nemi Eurosport, alhali mazaunin ƙasar da kasuwarta ba ta ja hankalin kowa ba na iya samun gasar a buɗe. Jerin ƙasashen na canjawa daga gasa zuwa gasa, hukumar kan wallafa shi kafin a fara.

Babban bambancin shi ne yawan abin da ake nunawa. A gasar duniya mutum 24 ke kaiwa wasan ƙarshe na maza ko na mata, rukuni-rukuni na mutum 6, kowane rukuni da minti 6 na ɗumama jiki, kowane ɗan wasa da minti 4. Idan aka haɗa da jiran maki da motar da ke shiga ta goge ƙanƙara bayan rukuni biyu, abin kan doshi sa'a huɗu. Tashar talabijin takan ɗauki rukuni ɗaya ko biyu na ƙarshe, ta sa talla, ta sa mai sharhi ya yi bayani. Intanet na ba da komai, har da ɗan wasan ƙaramar ƙasa da ya fito da fari kujeru babu kowa, wani lokacin ba tare da sharhi ba, sai kiɗa da ƙarar ƙarfe na yankar ƙanƙara. Sabon shiga ya fi amfana da sharhin, domin tsalle iri 6 ne kuma ga idon da bai saba ba duk kamarsu ɗaya, in ban da Axel da ake tashi ana fuskantar gaba. Wanda ya ƙware kan fi son shirun, ya buɗe takardar makin alƙalai da ake sakawa a shafin hukumar bayan kowane zagaye.

Data, wuta da ingancin hoto

Bisa saurin da YouTube ke ba da shawara, sa'a ɗaya kan ci kimanin rabin gigabait a 480p, sama kaɗan da gigabait 1 a 720p, sama da 2 a 1080p. Zagaye ɗaya na sa'a huɗu a matsakaicin hoto na iya lashe gigabait 4 zuwa 5, ga kuma zagaye takwas a cikakkiyar gasa. Rage ingancin hoto na da illa ta musamman a wannan wasan. Tsalle ba ya kai daƙiƙa ɗaya a iska. Cikin wannan ƙiftawar Ilia Malinin ya yi juyi huɗu da rabi a Satumban 2022, karo na farko da aka sauka daga irin wannan tsallen a gasa. A 240p abin da za a gani shi ne farin allo da wani duhu-duhu na wulwulawa, kuma in sabis ya tsaya na daƙiƙa biyu an wuce wurin ke nan.

A gefe guda waya ta fi talabijin jure ɗaukewar wuta. Dikoda da talabijin na buƙatar NEPA, janareta ko sola. Waya mai cikakken caji da fawa-banki kan kai ƙarshen zagaye. Kuɗin dish na wata ne, gida duka ke kallo. Data ta mutum ɗaya ce.

Bambancin agogo

Kaduna da tsakiyar Turai agogonsu ɗaya ne a lokacin hunturu, don haka gasar Olamfik ta Milan da Cortina, daga 6 zuwa 22 ga Fabrairun 2026, ba ta buƙatar lissafi. Japan na gaba da sa'a 8: wasan ƙarfe 7 na yamma a can ƙarfe 11 na safe ne a Kaduna. Sin na gaba da sa'a 7. Gabashin Amurka da Kanada ne masu wuya, domin ƙarfe 8 na dare a can ƙarfe 2 na dare ne a nan cikin hunturu, rukunin ƙarshe ya ƙare dab da asuba. Wannan lokacin kan zo daidai da garaɓasar datar dare da kamfanonin waya ke sayarwa.

Haƙƙin kiɗa

Daga kakar 2014 zuwa 2015 aka halatta kiɗa mai muryar mawaƙi a dukan rassan wasan, 'yan wasa suka koma ga waƙoƙin zamani masu haƙƙin mallaka. Izinin nuna waƙa sau ɗaya kai tsaye daban yake da izinin ajiye ta a intanet. Shi ya sa akan tarar an toshe bidiyon gasa, ko an kashe sautinsa, ko an sauke shi bayan 'yan kwanaki. Wanda ya yi barci da niyyar kallo da safe ba kullum yake tarar da shi ba.

Saɓani

Amfani da VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, don tsallake shingen ƙasa ya saɓa wa sharuɗɗan yawancin kamfanonin yaɗawa; masu yi na kafa hujja da rashin wata hanyar. Ana kuma saɓani kan ko ɗauke wasan daga tashoshin kyauta ne ya rage masa 'yan kallo a Amurka, ko kuwa raguwar ce ta sa aka ɗauke shi. A gidajen Kaduna akwai masu ƙin kunna shi a falo saboda shigar 'yan wasa mata, wasunsu kan tsaya ga gasar maza.