Kiɗan Jaz na Ƙaramar Ƙungiya

Jaz kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙira a birnin Niyu Olins, tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Abin da ya bambanta shi da yawancin kaɗe-kaɗen Turawa shi ne makaɗi ba ya tsayawa a kan abin da aka rubuta masa, yana ƙirƙirar nasa nan take a gaban jama'a. Ƙaramar ƙungiyar jaz takan ƙunshi mutum uku zuwa shida, kuma gidanta na asali ƙaramin zaure ne, inda mai sauraro ke jin numfashin mai busa. A Gusau ko Birnin Kabi ba shi ne kiɗan biki ba, an fi cin karo da shi a rediyo ko a waya. Duk da haka, kunnen da ya tashi da kotso da amshi ya riga ya san rabin tsarinsa.

Asali

An fara buga faifan jaz a 1917. A shekarun 1930 manyan ƙungiyoyi masu makaɗa goma ko fiye suka mamaye gidajen rawa. A cikin irin wannan taron, makaɗi ba ya samun fili sai na ɗan lokaci. Saboda haka a farkon shekarun 1940 wasu matasa, irin su Charlie Parker da Dizzy Gillespie da Thelonious Monk, suka riƙa haɗuwa cikin dare a ƙananan gidajen kiɗa na unguwar Halem da ke Niyu Yok, musamman Minton's Playhouse. A nan salon da ake kira bibop ya fito: mutane kaɗan, kiɗa mai sauri, an yi shi don saurare fiye da rawa. Ƙungiyoyin yau daga wannan tushe suka tsiro. Wasu gidajen da suka raini wannan kiɗa suna nan har yanzu, kamar Village Vanguard na Niyu Yok da aka buɗe a 1935, da gidan Ronnie Scott na Landan da aka buɗe a 1959.

Kayan kiɗa

Ƙashin bayan ƙungiya mutum uku ne: mai ganguna, mai piyano, da mai bas, wato babban goge da ake tsayarwa a ƙasa, ana kaɗa tsirkiyarsa da yatsu. Su uku kaɗai sun isa su yi wasa. In an ƙara, mai busa ake ƙarawa, yawanci saksofon ko taramfet, wani lokaci mai jita ko mawaƙi.

Yadda wasa yake tafiya

Ana farawa da karin da kowa ya sani, a kaɗa shi tare. Wannan kari yana da tsawo ƙayyadadde, galibi gaɓa 12 ko 32, gaɓa kuwa ita ce awon da makaɗa ke ƙirga bugun kiɗa da shi. Da an kai ƙarshensa sai a koma farko, amma wannan karon mutum ɗaya ne zai fito ya ƙirƙiri nasa a kan ginin karin, sauran suna riƙe masa. Ya gama, wani ya karɓa. Daga ƙarshe a dawo kan karin farko a rufe.

Wanda ya saurari Musa Ɗanƙwairo ko Sa'idu Faru zai gane wannan ba tare da dogon bayani ba. Akwai gindin waƙa da ake komawa gare shi, akwai ɗiya da jagora ke kawowa, ya yi nisa, ya zaga, sannan ya sauko daidai inda 'yan amshi ke jiransa. Gwanintar a saukowar take. Jagoran da ya ɓata lissafi zai bar mutanensa a rataye, haka ma mai saksofon da ya manta inda gaɓa ta kai. Akwai kuma inda mai busa da mai ganga ke musayar gaɓa huɗu-huɗu, wannan ya jefa, wancan ya mayar, abin da ya yi kama da karɓeɓeniyar da ake ji tsakanin makaɗan fada da yaransu. Kuma kamar yadda mutanen Ibrahim Narambaɗa ba su buƙatar takarda kafin su san inda ya nufa, haka ƙungiyar da ta daɗe tare take fahimtar juna da kallo ko ɗaga kai.

Sai dai kamannin yana da iyaka, kuma bai kamata a ja shi fiye da ƙima ba. Kiɗan fada magana ce: kirari, asali, zuga, habaici, duk ana yi wa wani basarake sananne, kotso da taushi kuma suna bin hawa da saukar harshen Hausa. Yawancin jaz ba shi da kalma ko ɗaya. Abin da mai ƙirƙira ke bi shi ne jerin sautuka masu jituwa da piyano da bas ke sauyawa a ƙarƙashinsa, kuma wannan shi ne ɓangaren da sabon kunne ya fi daɗewa kafin ya kama. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya bi mai bas, domin shi ne ke taka hanya ƙafa bayan ƙafa, ko da mai busa ya yi nisa.

Zaman sauraro ma daban ne. Ba a liƙi, ba sanƙira mai shelar kyauta. Ana biyan kuɗin shiga, a zauna a yi tsit, a tafa wa kowane makaɗi da zarar ya gama nasa, kiɗa na ci gaba. Ƙanƙantar wurin na da amfani: makaɗa na jin juna ba sai an ƙure lasifika ba, kuma abin da aka kaɗa daren yau ba za a maimaita shi gobe daidai ba, ko da kari ɗaya aka ɗauka.

Jaz da ƙasar Hausa

Alaƙar ta fi yadda ake zato tsufa. Louis Armstrong ya zo Najeriya a 1960, har ya gana da Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, a Kaduna. Wanda ya fi zurfafawa shi ne Yusef Lateef, Ba'amurke Musulmi, gwanin saksofon da sarewa, wanda ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Sarewar Fulani ce ta fi ɗaukar hankalinsa. Mutumin da ya yi wasa a manyan biranen duniya ya zo ya zauna yana koyo wajen masu busan gargajiya, abin da ya isa ya nuna darajar da kiɗan ƙasar nan ke da ita a kunnen masana. Ya rasu a 2013.

A kudu, Fela Kuti ya fara ne da gauraya jaz da kiɗan rawa na Afirka ta Yamma da ake kira hailaif, mai gangarsa Tony Allen kuma ya koyi abubuwa da dama daga faya-fayan masu gangar jaz irin su Art Blakey. A 2011 hukumar UNESCO ta ware 30 ga Afrilu ta zama ranar jaz ta duniya, aka fara bikinta a 2012.