Ruwa Garai-garai Ba Shi Ne Ruwan Sha Ba

Duk ranar da muka sauka bakin ruwa da kayan awon lafiyar tafki, yara ne ke fara yanyame mu, masunta su biyo baya. Abin da ya fi ba su dariya wani faifai ne mai faɗin santimita 20, rabi fari rabi baƙi, ɗaure da igiya mai alamun awo. Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Malam, murfin tukunya za ka jefa mana a ruwa?" Na ce, "Kusan haka ne, Baba."

Faifan Secchi ake kiransa, da sunan wani masanin taurari ɗan Italiya da ya gwada shi a teku a 1865. Da rana tsaka ake zura shi a hankali ta gefen kwalekwalen da ke da inuwa, har ya ɓace wa ido, sai a duba tsawon igiyar da ta nutse. A 1977 wani masani a Amurka, Robert Carlson, ya haɗa wannan awo da yawan gansakuka da na sinadarin fosfaras da ke ciyar da ita, ya fitar da maki daga 0 zuwa 100, yawan maki na nuna yawan gansakuka. In ana hango faifan a zurfin mita 4, maki 40 ke nan. Mita 2, maki 50. In ya ɓace tun a rabin mita, maki 70, wato tafkin ya ci ya ƙoshi har ya kumbura. Me ya ci? Takin zamanin da ruwa ke wankowa daga gonaki, kashin shanu a mashaya, da kumfar wanki.

Sai dai a madatsu irin su Tiga da Bakolori, da damina laka ce ke ɓoye faifan, ba gansakuka ba. Shi ya sa ba ma yanke hukunci da zuwa ɗaya. Sai mun dawo da rani, a daidai wurin, mun kwatanta da abin da ke littafi.

Awon iskar da kifi ke shaƙa kuwa, masunta sun riga mu saninsa. Gansakuka na ba ruwa iska da rana, da dare ta shanye abinta. Da asuba muke aunawa, lokacin da za ka ga kifi ya taso sama yana hangame baki. In iskar ta yi ƙasa da miligiram 5 a lita, kifi ya fara shan wuya. Tarwaɗa na jurewa don tana shaƙar iskar waje, amma giwan ruwa ba ya ɗaukar wannan wasa.

Duk wannan lafiyar tafki ce, ba ta cikinka ba. Nan ne mutanenmu ke yawan ruɗewa. Ruwa na iya yin garai-garai har ka ga yashin ƙasa, alhali cike yake da ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida. Wannan sai a ɗakin gwaji: a ɗebi ruwa a kwalba mai tsabta, a sa a cikin kula mai ƙanƙara, a kai cikin sa'o'i kaɗan. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ƙwayar E. coli, mai nuna gurɓata da bayan gida, ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha.

Iyayenmu mata, alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe cuta. Bayan ya kwanta a tace, a tafasa, ko a ɗiga maganin kulorin a jira minti 30. In kuma kuka ga dodon koɗi ya yi yawa a gaɓa, yaro na fitsarin jini, tsargiya ce, daga dodon koɗin take fitowa, ta fata take shiga wajen wanka, a kai shi asibiti. Ranar da ruwa ya koma kore shar kamar an zuba fenti, yana wari, a janye dabbobi daga mashaya, a sanar da Sarkin Ruwa da malamin lafiya na unguwa tun kafin rana ta faɗi.