Kafin Ka Ɗinke Buhu, Ka San Dokar Ƙasar da Kayan Za Su Sauka

Duk manomi ko mai ƙaramar sana'ar da ya samu mai saye a ƙasar waje, tambayar da yake fara kawo mana ita ce: "Malam, wace takarda zan nema in fitar da kayana?" Tambayar ta yi, sai dai rabi ce. Kayan da za su ƙetare iyaka ƙofa biyu suke bi, ta fita da ta shiga. Ta fita hukumomin ƙasarka ne ke tsaronta, kuma abin da suke nema sananne ne: rajistar kasuwanci, izinin fitar da kaya, da bayanin da ake cike wa kwastan. Ta shiga ita ce ke kayar da mutane, domin a can ba wanda ya san ka, ba wanda ya ga wahalar da ka sha, kuma dokarsu ce ke aiki ba taka ba.

Ɗauki batun aflatoksin, dafin nan da funfuna ke bari a jikin amfanin gona idan aka adana shi bai gama bushewa ba. Ba ya da ɗanɗano, ido ba ya ganinsa, dahuwa ba ta kashe shi, kuma yana jawo ciwon dajin hanta. Amurka ta yarda da mikrogiram 20 a kowane kilo na abincin mutane. Tarayyar Turai kuwa, a gyadar da za a ci kai tsaye, mikrogiram 4 ta yanke. Ke nan buhu ɗaya zai iya shiga wannan ƙasa lafiya lau, a waccan kuma a mayar da shi ko a ƙone shi, kuma kuɗin mayarwar ko ƙonawar a kan masu kayan yake faɗawa. Saboda haka "kayana masu kyau ne" ba amsa ba ce. Masu kyau a ma'aunin wa?

Ragowar maganin ƙwari ma haka yake, har ya fi tsanani. A Tarayyar Turai, duk maganin da ba a ware masa iyaka ta musamman ba, abin da aka yarda a samu shi ne miligiram 0.01 a kilo, wato kusan babu. A watan Satumba na 2020 hukumomin Beljiyam suka gano sinadarin etilin oksaid a jikin riɗin da aka shigo da shi daga Indiya. Ana turara shi ne don kashe ƙwayoyin cuta, amma Turai ta haramta shi a abinci. Aka shiga janye kaya daga kantuna ƙasa bayan ƙasa, har da burodi da biskit ɗin da aka barbaɗa wa riɗin. Kafin nan, a watan Mayu na 2014, Turai ta rufe ƙofa ga mangwaron Indiya baki ɗaya saboda ƙudan 'ya'yan itace da aka riƙa samu a cikin kaya, ba a buɗe ba sai farkon 2015. Manomin da bai taɓa aika ruɓaɓɓen mangwaro ba shi ma ya sha hukuncin. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Abin da nake so 'yan'uwa su gane a nan shi ne, bin dokar fitar da kaya ba a tashar jirgin ruwa yake farawa ba. A gona yake farawa, ranar da ka zaɓi maganin feshi, da ranar da ka yanke shawarar girbi kafin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar su cika. Yana ci gaba a wurin shanya da rumbu. Ba ejan ɗin da zai iya cire maganin da ya riga ya shiga ƙwaya. Ka nemi mai sayen ya aiko maka da sharuɗɗan ƙasarsa a rubuce tun kafin shuka in da hali, ka kai samfur ɗakin gwajin da aka amince da shi kafin lodi. Samfurin kuma a ɗebo shi daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, ba daga buhun da ka fi yarda da shi ba, don su can ba za su zaɓi wanda ka fi so ba.

Sai takardu. Kayan tsirrai suna buƙatar takardar shaidar lafiyar tsirrai, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya ta 1951 a ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Hukumar gwamnati ce kaɗai ke bayar da ita, bayan jami'i ya duba kayan da idonsa. Tana da wa'adi: Turai ba ta karɓar wadda aka yi fiye da kwana 14 kafin kayan su bar ƙasa. Wanda ya ce zai samo maka ita ba tare da an ga kaya ba, jabu zai kawo maka.

Akwai wani abu da kusan kowa ke mantawa da shi, wato katakon da ake ɗora kaya a kai ko akwatin katako. Tun 2002 akwai ƙa'idar duniya mai suna ISPM 15 da ta ce dole a gasa irin wannan katako har zafin tsakiyarsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko a turara shi, sannan a buga masa hatimi. Dalili kuwa ƙwaro ne. A 1996 aka ga wani buzuzu mai dogon ƙaho ɗan asalin Asiya yana cin itatuwa a birnin Niyok na Amurka, kuma ana ganin cikin katakon kaya ya shigo. Yau kayanka na iya zama tsaf, a tsare kwantena gaba ɗaya don katako ba hatimi.

Kowane kaya a duniya yana da lamba a tsarin kwastan na bai ɗaya da ake kira HS, wanda hukumar kwastan ta duniya da ke Burasels ke kula da shi, kuma ya fara aiki a 1988. Alƙaluma 6 na farko iri ɗaya ne ko'ina, sai kowace ƙasa ta ƙara nata, kamar Amurka da ke kai shi 10. Da wannan lamba ake sanin harajin da za a biya da takardun da za a nema. Ɗan sarrafawa kaɗan na canja ta: ɗanyen kofi 0901.11 ne, da an soya shi ya koma 0901.21. Lambar da ke takardar farashi, da nauyin da ke takardar lissafin kaya, da sunan da ke takardar jirgi, duk su zama bakinsu ɗaya. Jami'in kwastan bai san kuskuren alƙalami ba ne ko dabara, tsarewa zai yi, kuma kuɗin kwanan kwantena a tasha kullum hawa yake.

Game da wa zai biya me, kada a bar shi a fatar baki. 'Yan kasuwar duniya suna da gajerun sharuɗɗa da ake kira Incoterms, an fara su a 1936, na 2020 kuma guda 11 ne. Idan kun yi a kan FOB, da an ɗora kaya a jirgi asara ta koma wuyan mai saye. A CIF kai za ka biya kuɗin jirgi da inshora, amma asarar nan ma tana komawa kansa tun daga lodi, abin da ke ba mutane da yawa mamaki. DDP kuwa kai ne da komai, har harajin ƙasarsa da ba ka taɓa takawa ba. A ganina sabon shiga bai kamata ya sa hannu a kan DDP ba, komai daɗin farashin.

Masu sayarwa ta intanet da ke aika ƙananan ƙunshi ta gidan waya, ku ma dokar ta hau kanku. Takardar CN22 ko CN23 da kuke cikewa bayanin kwastan ce cikakkiya. Rubuta "kyauta" a kan abin da aka saya, ko rage farashi don mai saye ya tsira daga haraji, ƙarya ce a gaban hukuma, kuma in kayan suka ɓata diyyar ba za ta wuce abin da ka rubuta ba. Tun 1 ga Yuli, 2021 Tarayyar Turai ta soke rangwamen da take yi wa kayan da ba su kai Yuro 22 ba, yanzu komai ƙanƙantar kaya akwai harajin saye a kansa. Turare mai sinadarin barasa da batirin litiyam kayan haɗari ne a jirgin sama. Jakar fatar kada ko ta mesa kuwa sai da izini a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kula da cinikin namun daji da tsirran da ake gudun ƙarewarsu, ko da guda ɗaya ce.

Rubutun jikin kaya shi ma kowace ƙasa da nata. Kanada na son Turanci da Faransanci tare. Turai na son a bayyana abubuwa 14 da jikin wasu ba ya ɗauka, Amurka 9, bayan ta ƙara riɗi a farkon 2023. Ka aika wa mai saye hoton rubutun ya duba kafin ka buga dubu goma.

Daga kowane lodi, ka ajiye samfur a rufe da kwanan wata da lambar buhu, tare da sakamakon gwaji da littafin da ka rubuta ranakun feshi da sunan magani. Ranar da aka bugo waya aka ce an samu wani abu a kayanka, su za ka ɗauko ka kai wani ɗakin gwajin.