Ƙaurar tsuntsaye a gaɓar Tafkin Chadi

Ƙaurar tsuntsaye a gaɓar Tafkin Chadi zirga-zirga ce ta shekara-shekara da tsuntsaye ke yi tsakanin Turai, yammacin Asiya da dausayin da ke kudu da Sahara. Baƙin kan fara sauka daga Satumba, su ci sanyin hunturu a tafkin, da fadamar Waza-Logon a arewacin Kamaru, da Tafkin Fitri a Chadi, sannan su juya gida da bazara, tsakanin Maris da farkon Mayu. Akwai agwagin ruwa, da tsattsewa, da masu dogayen ƙafafu da ke tsince-tsince a taɓo.

Komawar ta fi zuwan wuya. Tsuntsun da ya tashi daga garuruwan bakin tafkin, kamar Darak a Kamaru ko Bol a Chadi, hamada ce ta kusan kilomita 2,000 a gabansa, ba ruwa ba abinci sai ɗan abin da ba a rasa ba. Don haka makonnin ƙarshe na ci ne kawai. Ƙananan tsuntsaye kan cika ciki da ƙwarin bakin ruwa da 'ya'yan itacen asuwaki, har wasu su kusa ninka nauyinsu. Kitsen shi ne guzurin hanya. Yawancinsu da dare suke tashi, shi ya sa masunci kan wayi gari ya tarar da ciyawar da jiya ke cike da hayaniya ta yi tsit.

Abin da ya samu Sahel kan bayyana har Turai. Bayan farin 1968, wani ɗan tsuntsu mai farin wuya da ke ƙwai a Ingila ya ragu da fiye da rabi a 1969. Tafkin kansa, mai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ja baya ƙwarai, kuma madatsar ruwa ta Maga da aka gina a arewacin Kamaru a 1979 ta rage ambaliyar da ke jiƙa fadamar Logon, sai a 1994 aka fara sake buɗe wa ruwa hanya.

A daidai lokacin da baƙin Turai ke tafiya, wasu ke isowa daga kudu. Shamuwa ce kan gaba. Tana yin sheƙa a itatuwan cikin gari, ba a jifarta, manomi kuwa da ya gan ta sai ya duba fartanyarsa, don damina ta ƙarato. A gaskiya wannan ce ƙaurar da mutanen yankin suka fi sa wa ido. Gauraka ba ya nisa. Tsakanin fadamun yankin yake yawonsa.

Masu kallo kan fita da asuba, da madubin hangen nesa, ta kwale-kwale ko ta gandun dajin Waza, wanda ya zama gandun ƙasa a 1968. Rashin tsaro tun wajen 2014 ya taƙaita zuwa tsibiran tafkin.