Ketulbel a gida da bidiyon YouTube: tambayoyin da mutane ke yawan yi

Wai menene ma ketulbel ɗin nan da ake ta gani a bidiyo?

Dunƙulen ƙarfe ne mai mariƙi a sama, kamar buta mara baki. Asalinsa Rasha ne, can girya suke ce masa, da shi ake auna hatsi a kasuwa kafin majiya ƙarfi su maida shi abin gasa. Ma'aunin Rashawa na da kilo 16 ne da ɗan ɗoriya, shi ya sa har yau za ka ga 16, 24 da 32 su ne nauyin da aka fi sani. Wani kocin motsa jiki mai suna Pavel Tsatsouline ne ya tallata shi a Amurka wajen shekarar 2000, kuma da yawa cikin masu koyarwa a YouTube salonsa suka gada.

Wane nauyi zan saya na fara?

Namiji mai ɗan ƙarfi 16, wanda bai taɓa ɗaga komai ba 12, mace 8 ko 12. Kar ka ce bari na ɗauki 4 don kar na ji ciwo, in abin ya yi rashin nauyi da hannu kawai za ka dinga ɗaga shi, ƙugu bai koyi komai ba. Ka nemi na zallar ƙarfe wanda aka zuba shi da mariƙinsa lokaci ɗaya, ka shafa mariƙin ka ji ko akwai kaifin haɗi don shi ke yage tafin hannu. Na roba da ake cikawa da siminti gaskiya ban ba ka shawara ba.

Bidiyo kaɗai ya isa ko sai na samu koci?

Nan ne gizo ke saƙar. Bidiyo zai nuna maka yadda ake yi amma fa ba ya ganin bayanka, kai kana can kana jin kamar daidai kake yi alhali ka lanƙwashe gadon baya, mai bidiyon kuma sai cewa yake saura goma, saura biyar, kai kuma kana ta bin sa don kar a bar ka a baya. Sau da yawa ciwon baya daga nan yake fitowa, daga tseren agogo da mutumin da ya shekara goma yana abin.

Toh abin yi shi ne a satin farko da na biyu ka manta da irin bidiyon nan na minti ashirin ba tsayawa, ka nemi waɗanda ke koyar da motsi ɗaya a hankali, musamman lilon ƙarfen tsakanin ƙafafu don shi ne tushe. Lilon nan ba tsuguno ba ne kuma ba aikin kafaɗa ba ne, ɗuwawu kake turawa baya, gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, baya a miƙe, sannan ka miƙe da ƙarfi ka matse ɗuwawu da ciki, ƙarfen da kansa zai tashi zuwa daidai ƙirji. In kafaɗa ce ta fara gajiya ko ƙasan baya na zafi, wallahi ba daidai kake yi ba. Jingina wayarka a gefe ka ɗauki kanka, ka kwatanta da na mai koyarwar, abin da za ka gani zai ba ka mamaki. In kuma akwai wanda ya iya a kusa, ko sau ɗaya ya duba ka ya fi.

Na siminti da muke haɗawa a gida fa?

Don tsuguno da shi a ƙirji ko tafiya riƙe da shi ba laifi. Lilo ko ɗagawa sama da kai kam a'a, mariƙin na iya ficewa.

Zai rage mun tumbi?

Zai sa ka haki da zufa sosai, zai ƙarfafa cinya, ɗuwawu, baya da riƙon hannu. Amma babu motsin da ke zaɓar kitsen ciki shi kaɗai ya ƙona, duk mai bidiyon da ya ce maka sati biyu tumbi ya ɓace masu kallo yake nema. In kana gamawa ka zauna kan malmala uku da lemon kwalba, sai dai a yi haƙuri.

Sau nawa a sati, kuma a ina?

Sau uku ya isa, da hutun kwana ɗaya tsakani. Ka duba fanka kafin ka ɗaga shi sama, ka kori yara daga gabanka da bayanka, in tayil ne ka shimfiɗa abu mai kauri ko ka fita tsakar gida. Ba takalmi ya fi, ko mai shafaffen ƙasa, ban da silifas. Ka ajiye tsumma kusa saboda zufar hannu, lokacin zafi kuma ka yi da sassafe. Bidiyon ka sauke shi tun da wuri, kar netwok ya tsaya kana tsakiyar yi. Da azumi bayan buɗa-baki ya fi sauƙi, ka rage yawan.

Akwai wanda bai kamata ya yi ba?

Wanda da ma yake da ciwon baya, mai hawan jini, mai ƙaba, mai ciki ko wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, su fara ganin likita tukuna. Kowa ma in ya ji zafi mai suka ko jiri, ya ajiye ƙarfen a take ko da bidiyon bai ƙare ba.