Jiragen da ba su taɓa shiga aiki ba: tambayoyi da amsoshi kan haɗa ƙananan jiragen rezin

A Turai da Amurka da Japan akwai manyan mutane, wasu har da furfura, da ke shafe watanni suna haɗa ɗan jirgin sama na ajiye wa a kan tebur. A cikinsu akwai waɗanda hankalinsu ya fi karkata ga jirgin da aka zana aka fasa ƙerawa, ko aka ƙera aka soke shi. Tambayarsu ɗaya ce: da a ce tarihi ya bi wata hanya, yaya jirgin nan zai kasance?

Wannan ba kayan wasan yara ba ne?

A'a. Jirgin yana zuwa ne a kwali gunduwa-gunduwa, gangar jiki daban, fukafukai daban, tayoyi da kujerar matuƙi daban, kai za ka haɗa ka yi fenti. Komai bisa ma'auni yake. Idan an rubuta 1/72, kowace santimita 72 ta jirgin gaske ta koma santimita 1. Jirgin yaƙin Birtaniya TSR-2 mai tsawon kusan mita 27 zai dawo kusan santimita 38. Akwai kuma 1/48 da 1/144.

Mene ne rezin, kuma me ya haɗa shi da jiragen da ba a ƙera ba?

Kuɗi ne ya haɗa su. Manyan kamfanoni irin su Airfix, wanda ya fitar da ƙaramin jirgin yaƙi Spitfire ɗinsa na farko a shekarun 1950, narkakkiyar roba suke tunkuɗawa cikin mazubin ƙarfe. Sassaƙa mazubin yana cin kuɗi sosai, sai an sayar da dubban kwalaye kafin uwar kuɗi ta dawo. Shi ya sa suka fi yin jirgin da kowa ya sani.

Rezin kuwa ruwa biyu ne ake gaurayawa, a zuba a mazubin silikon mai laushi, cikin 'yan mintuna ya daskare. Mutum ɗaya a ɗakinsa zai iya. Mazubin yakan gaji bayan an zuba masa sau 'yan gomiya, amma ai masu neman irin wannan jirgi ba su da yawa. A nan ƙananan masu sana'a suka samu kasuwa: Anigrand a Hong Kong, Planet Models a Jamhuriyar Czech, Unicraft a Yukiren. Yanzu kuma an ƙara da injinan ɗab'i na 3D da ke daskarar da rezin da haske.

Waɗanne jirage aka fi yi wa haka?

Na farko su ne waɗanda ake kira Luft '46, wato zane-zanen jiragen Jamus da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945 kafin su kai ko'ina, ana ƙiyasta yadda za su kasance da yaƙin ya shiga 1946. Focke-Wulf Ta 183 bai taɓa tashi ba. Horten Ho 229, wanda kusan duk jikinsa fiffike ne ba shi da jela, ya tashi da injin jet amma ya faɗi a Fabrairun 1945, matuƙinsa ya mutu. Wani da ba a kammala ba yana nan a gidan tarihi na Smithsonian a Amurka.

Sai TSR-2, wanda har yau ke ci wa Turawan Ingila masu son jirage tuwo a ƙwarya. Ya fara tashi ranar 27 ga Satumba 1964, gwamnati ta soke aikin a Afrilun 1965 saboda tsada. Guda ɗaya tak ya taɓa hawa sama, biyu kuma suna ajiye a gidajen tarihi na Cosford da Duxford a Ingila. Kanada ma tana da nata tabon: Avro Arrow ya tashi a Maris 1958, aka soke shi ranar 20 ga Fabrairu 1959, aka yayyanka jiragen da aka riga aka ƙera.

To, fenta jirgi da launin rundunar da bai taɓa shiga ba, ba ƙarya ba ce?

Ƙarya ita ce ka nuna abu da nufin a ɗauka ya faru. Masu wannan aiki suna rubuta ƙaramin kati a gefen jirgin, su bayyana inda gaskiya ta tsaya da inda ƙiyasi ya fara. A ganina ma, wannan reshe ya fi buƙatar sanin tarihi a kan kwafar hoto.

Ga misali. TSR-2 na gwaji fari ne fat. Mai son nuna shi a bakin aiki a Yaƙin Tekun Fasha na 1991 dole ya san cewa jiragen Birtaniya da suka je can, Tornado da Jaguar da Buccaneer, launin yashi mai ɗan ja-ja aka shafa musu. Dole ya yi tunanin irin makaman da ake da su a shekarar, da inda tankin ƙarin mai zai rataya ba tare da ya tokare taya ba. Wanda ya liƙa masa tambarin Ostireliya shi ma yana da hujja, domin ƙasar ta duba TSR-2 kafin ta zaɓi F-111 na Amurka a 1963. Amma wanda ya maƙala wa jirgin 1946 makami mai linzami na shekarun 1980 bai yi nazari ba, kuma masana za su gane da kallo ɗaya.

Yaya ake haɗa shi?

Da wanka ake farawa. Sassan suna fitowa da wani maiƙo da aka shafa wa mazubi don kada su manne, idan ba a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu ba, fenti zai ɓare. Kowane sashe kuma yana ɗauke da guntun wurin da aka zuba ruwan. Da siririn zarto ake yanke shi, domin rezin yana da gautsi, almakashi zai tsaga shi. Fiffiken da ya lanƙwashe sai a tsoma shi a ruwan zafi, a miƙe shi da yatsu, a jefa a ruwan sanyi ya tsaya.

Gam ɗin roba ba ya kama rezin ko kaɗan, sai sufa gulu ko gam mai haɗi biyu. Sufa gulu kuwa ba ya jira, don haka ana gwada zaman sassan sau da yawa kafin a ɗiga shi. Bayan shafin farko na fenti mai ruwan toka ne ƙananan ramukan kumfa ke bayyana, musamman a bakin fiffike, kamar an soka allura. Ɗaya bayan ɗaya ake cike su, a goge, a sake shafawa. Jirgin da ke da taya a hanci yana son a ɓoye masa ɗan nauyi a gaba tun kafin a rufe jikinsa, in ba haka ba zai zauna a kan jela.

Akwai haɗari?

Akwai, ƙurar rezin ba ta dace da huhu ba. A jiƙa samfefa kafin gugawa, a sa takunkumi, a buɗe taga, a share tebur da jiƙaƙƙen tsumma.

Haɗa jiragen Luft '46 ba yabon 'yan Nazi ba ne?

Tambayar tana kan hanya, kuma bai kamata mai wannan sha'awa ya kauce mata ba. Zanen injiniyoyi abin nazari ne, amma wasu na zuzuta shi har su ce saura ƙiris Jamus ta juya yaƙin. Ba haka ba ne. A 1945 man jirgi ya yi mata ƙaranci, ƙwararrun matuƙa sun ƙare, injin jet ɗinta Jumo 004 kuma ba ya wuce kusan awa 25 yana aiki saboda rashin ƙarafa masu jure zafi. Jirgin jet na Jamus He 162 fursunoni aka tilasta wa aikin haɗa shi a masana'antun ƙarƙashin ƙasa. Duk katin da ya ba da labarin 1946 ya tsallake waɗannan mutane, ya rage gaskiya. Dokar Jamus ta hana baje tambarin 'yan Nazi, shi ya sa kamfanoni da dama ba sa saka shi a kwalayensu.

Sabon shiga fa, daga ina zai fara?

Kada ya fara da cikakken jirgin rezin: ya fi tsada, sassansa ba su cika zama daidai ba, takardar bayaninsa ma sau da yawa shafi ɗaya ce. Ya sayi jirgin roba mai araha na 1/72, ya ba shi launin wata rundunar da yake da hujja a kanta. Hannu ya faɗa, sai ya nemi ƙananan sassan rezin na canza hanci ko injin. Don ganin aikin gwanaye, ya binciki hotunan baje kolin Scale ModelWorld da IPMS, ƙungiyar masu haɗa irin waɗannan ƙananan samfura, ke shiryawa duk watan Nuwamba a garin Telford na Ingila, inda masu irin waɗannan jirage ke kafa nasu tebur.